Hular Ƙarshen Waya

A 1996 makarantarmu ta mishan a Kafanchan ta samu kyautar kwamfuta biyu. Aka ajiye ɗaya a ofishin shugaban makaranta, Mista Kumai, ɗayar kuma a ɗakin jarrabawa, wurin Hellen mai buga takardu. Taku tamanin ne tsakaninsu. Silvanus masinja ne ya ƙirga, don shi ke kai faifan kwamfuta mai ɗauke da aiki daga wannan zuwa waccan, sau shida a rana.

Kowa ya san abin da ya sa ba ya gajiya. Shekararsa arba'in da biyar, matarsa ta rasu, kuma shekara guda ke nan yana shirya maganar da zai faɗa wa Hellen. Kullum sai ya isa, ya miƙa faifai, ya ce, "Sista, ga shi," ya juyo. Ni da ke koyar da lissafi a ajin da ke kusa, haushi kamar in fita in faɗa a madadinsa.

Wata rana Mijinyawa ya zo duba injinan. Mai gyaran rediyo ne a kasuwa, ya koyo aikin kwamfuta a Kaduna. Ya ga Silvanus yana kai-komo, sai ya ce wa Kumai, "Ranka ya daɗe, injinan nan za su iya magana da juna ta waya. Kati ne kawai babu. Kowacce sai an sa mata nata kati mai lamba, sannan 'yar'uwarta ta gane ta." Ya ce zai je Kaduna ya dawo.

Mista Kumai bai taɓa yin tambaya ba tun da aka haife shi. Ya ce, "Kati? Ai muna da shi." Ya jawo fom ɗin katin shaidar ma'aikata.

Aka kira mai hoto, ya rataya farin ƙyalle a bayan kwamfuta, ya ce a ɗan ɗaga mata haɓa. Ta ofis aka sa mata suna Alexander, ta ɗakin jarrabawa Theresa. Wurin cike garin asali malamai suka kusa dambe. A ƙarshe, don adalci, aka ba Alexander Zonkwa, Theresa Manchok. Aka rataya musu katin a wuya da zare.

Kwana uku Kumai yana kara kunne a jikin Alexander, shiru. Ya ce, "Na gane. Yare ba ɗaya ba ne." Aka sake kati, duka suka zama 'yan Manchok. Har yanzu shiru. A makon nan ba wanda ya kai Silvanus fara'a.

Da Mijinyawa ya dawo ya ga hotunan, sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Ya ciro wasu korayen alluna guda biyu kamar tafin hannu, ya kwance injinan, ya soka wa kowacce nata. Ya ja baƙar waya ta taga har ɗakin jarrabawa, ya murɗa wata 'yar hular ƙarfe a kowane ƙarshe. Ya ce, "Kada a taɓa wannan. In ta fita, saƙo zai kai ƙarshen waya ya dawo ya yi karo da na bayansa, komai ya tsaya."

Kafin a tashi, takardar Kumai ta isa wurin Hellen ba tare da ƙafar kowa ba. Kumai ya ce wa Silvanus, "Daga Monde ka koma bakin get." Silvanus ya amsa da "To, sa." Wallahi ya ba ni tausayi. Na gan shi ya sake taka taku tamanin ɗin nan hannu wofi, ya tsaya a ƙofar Hellen, ya rasa abin miƙawa, ya juyo.

Ran Litinin Alexander da Theresa suka daina magana. Kumai ya ce gaba ce irin ta 'yan gari ɗaya. Mijinyawa ya bi waya, ya tarar hular ɗakin jarrabawa ta ɓace. Duk idanu suka koma kan Silvanus, ya rantse har da hawaye. Mijinyawa ya ce sai nan da mako biyu zai sake zuwa Kaduna. Dole aka miƙa wa Silvanus faifansa.

Ina jin takunsa na leƙa ta taga. Ya shiga, ya miƙa, ya ce, "Sista, ga shi."

Hellen ba ta karɓa ba. Ta ɗaga hannu, ga hular ƙarfe a kan ƙaramin yatsanta. Ta ce, "Buroda Silvanus, sati biyu kawai kake da shi. Ni ina ƙungiyar mawaƙa a coci. Ba zan yi sata sau biyu don kai ba."

Silvanus ya dubi kujerar baƙi da ya shekara yana wucewa, ya jawo ta ya zauna. Na rufe tagata. Ranar har aka buga ƙararrawar tashi Mista Kumai yana jiran faifansa.