Dombra Mai Lamba Tara

Zauresh tana matse tsumma cikin kwano sabon shugaban makarantar kiɗa ya faɗo ɗakin ajiya, takarda a hannu.

"Zauresh-apa, ruwa a cikin kabad? Doka ta hana. Gobe masu duba gini za su zo." Apa ake kiran dattijuwa a nan, don girmamawa.

"Sai su zo su sha, Nurbolat. Akwai isasshe."

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana kula da dombra arba'in na makarantar, wato molon ƙasar mai tsirkiya biyu. Da zarar an kunna bututun ɗumama gini, iskar birnin Karaganda sai ta bushe ƙamas, itace ya fara kuka. Kwano uku na ruwa a ƙasan kabad da jiƙaƙƙen tsumma su ne suka hana ko guda tsagewa a hannunta. Yau kuma yaron da ta share wa majina ya zo mata da doka!

Da kansa ya kwashi kwanonin ya juye a bayi. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ja mayafinta, ta ratsa ƙanƙara zuwa kasuwa, ta dawo da tuffa cike da jaka. Ta raba kowace gida biyu ta jera a kabad don danshinsu ya hana itace bushewa, kamar yadda mahaifinta yake yi wa tasa dombrar.

Da azahar ya leƙo, ƙamshi ya tare shi.

"Apa, wannan kuma fa?"

"Abincina ne na rana. Karanta min inda takardarka ta hana tsohuwa cin abinci."

"Ashirin za ki ci?"

"Ina da ci. Gadonmu ne."

Sai ta zaro ƙaramar dombra mai lamba tara, wadda wuyanta ya koɗe, ta bi shi har ofis, ta ajiye ta a kan taga, dab da bututun zafi.

"A kan wannan ka koya, kana ɗan shekara bakwai, kana kuka wai tsirkiya ta yanke maka yatsa. Ita kaɗai na bar wa dokarka. Kafin Juma'a za ka ji ƙarar tsagewarta."

Ta juya abinta. Har cikin ranta tana jin zafin abin da ta yi, don lamba tara ce ta fi so.

Lokacin tashi ta dawo kulle kabad. Lamba tara na rataye a wurinta. A ƙasa kuwa ga kofin shayin shugaba, cike da ruwa, an tura shi can bayan tuffa inda masu duba gini ba za su hango ba.