Jan Bangon Arvid

Saura shekara guda cif a ɗaura auren Tuva, uwar ango ta iso gidan Gunvor, uwar amarya, da jaka cike da ƙyallayen zaɓen kalar biki. Ragnhild sunanta, mace mai takalma masu tsini, daga birni ta tuƙo motarta. Ta shimfiɗa ƙyallayen a teburin kicin, tsakanin butar kofi da farantin burodin kirfa.

"Ruwan hoda da ruwan toka," in ji ta. "Su ake yayi bana. Sai dai fa ɗakin ciyawar nan naku, Gunvor, jan ya yi yawa. A sa masa farin fenti, ko kuma mu kai bikin otel."

Gunvor ta dubi waje. Ta taga tana hango ɗakin ciyawar. Mijinta Arvid ne ya shafe shi da jan fenti da hannunsa a kakar bara, yana hawa tsani yana tari, yana cewa a nan 'yarsa za ta yi rawar aurenta. Kafin ƙanƙarar hunturu ta narke an binne shi.

Tuva tana juya ƙyalle ɗaya a hannu, ba ta kalli uwarta ba.

"Mama, suna da kyau ai."

"A ƙarƙashin ƙwan lantarki kowace tsumma kyakkyawa ce," in ji Gunvor. "Ƙarfe nawa za a shiga cin abinci ranar?"

"Huɗu na yamma."

"To mu jira huɗu."

Ragnhild ta yi dariya. "Kala ma sai an duba mata agogo?"

"A gidan nan ana dubawa. Ki ƙara kofi."

Shekara arba'in Gunvor tana rina zaren ulu a tukunya bayan gida, kuma ba ta taɓa yarda da kalar da ba ta gani a waje ba, a watan da za a sa ta. Ranar kaka a yankinsu ƙasa-ƙasa take tafiya, haskenta ja-ja ne, ba irin na bazara ba.

Da huɗu ta yi, ta shiga ɗaki ta buɗe akwatin da ba ta taɓa ba tun jana'iza. A ciki akwai rigar sanyin da ta fara saƙa wa Arvid, hannu ɗaya ba a gama ba, da ragowar zare curi uku. Ɗaya ruwan ɗorawa, daga ganyen bakin tafki da ya tsinto mata. Ɗaya ruwan goro, daga ɓawon albasa. Na ukun kore mai duhu. Ta daɗe tana riƙe da su kafin ta fito.

Suka tsaya su uku a gaban bangon ɗakin ciyawar. Gunvor ta ce wa Ragnhild ta fara kafa nata. Ragnhild ta manna ruwan hodar a jikin katakon, ta ja da baya. Ƙyallen ya koma kamar zanen da ya sha wanki ya gaji. Ruwan tokar kuwa ya ɓace gaba ɗaya.

"Bangon ne ya cinye su," in ji Ragnhild. "Abin da nake faɗa ke nan."

"Juya ki ɗaga su sama, ki bar bangon."

Ta juya ta ɗaga su wajen gonar da aka girbe. Nan ma haka, fari fat, ba rai.

Gunvor ta rataya zarenta a kan ƙusar da Arvid yake rataya bokitin fenti. Rana ta faɗo a kansu. Ruwan ɗorawar ya kama kamar an kunna shi, ruwan goron ya zauna a kan jan kamar tare aka haife su.

Tuva ta matso ta taɓa zaren.

"Na rigar Baba ne."

"Shi ne."

"Ba za a taɓa bangon nan ba," in ji Tuva. Ba uwarta take gaya wa ba.

Ragnhild ta daɗe tana kallo, tsinin takalminta yana nutsewa cikin ciyawa.

"Ɓawon albasa," ta ce a ƙarshe. "Ɗana guda, a yi masa aure da ɓawon albasa."

"Za ki tara mini naki. Tebur goma sha huɗu ba wasa ba ne."

Ta kuwa tara. Duk wata sai ga ƙunshi ta gidan waya, wani lokaci da 'yar takarda: "Mun gaji da miyar albasa." Maƙwabta ma suka tara. Gunvor ta yi bazara tana dafa tukunya tana rina mayafan teburan, hannayenta suka rine har gwiwa.

Ranar bikin, ƙarfe huɗu, aka buɗe manyan ƙofofin ɗakin ciyawar, hasken ya shiga ya kwanta a kan teburan. Mutane suka tsaya a bakin ƙofa sun manta da zama. Furannin hannun Tuva an ɗaure su da zaren rigar ubanta. Ragnhild, cikin riga ruwan goro, tana bin baƙin birni ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Rabin albasar nan tawa ce."

Gunvor ta fita waje ta dafa bangon da tafin hannunta. Katakon yana da ɗumin rana. Daga ciki Tuva ta kira ta, an fara kiɗa, sai ta goge hannu a jikin siket ta shiga.