Shafuka Takwas na Ƙarshe

A maɗaba'ar da yake aiki, duk littafin da ya fito da aibi a kwali ake jefa shi bakin ƙofa, mai so ya ɗauka. Shi nasa ɗinki ne: ya jera takardu, ya danna inji, ya miƙa gaba. Shekara goma sha biyu yana ɗinka littattafai, bai taɓa karanta ko ɗaya har ƙarshe ba.

A kwalin ya tsinci wani mai hotuna, labarin ɗan bushiya da babu mai yarda ya zauna kusa da shi a aji. Abin nema ya samu, domin autarsa in'ina gare ta, 'yan ajinsu kuwa sun mai da ita abin kwaikwayo. Ya kai mata yana ta jin kansa uba na gari.

Wata uku tana rungume da littafin. Ran nan ta ce ta daina zuwa makaranta. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, ta kafe.

"Auta, ba ki ga ɗan bushiyan nan ba?" in ji shi. "Ai shi ma haƙuri ya yi."

Ta buɗe masa shafin ƙarshe. Ga ɗan bushiya tsaye a waje, yana leƙen taga, ruwa na dukansa. Daga nan sai bango.

Uban ya karɓi littafin. Ya duba ɗinkin, ya gane hannunsa. Shafuka takwas ya tsallake, shi ya sa aka jefar da shi. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Washegari ya roƙi cikakke a wurin mai maɗaba'ar, ya kawo. Suka zauna a tabarma yana juya mata sababbin shafukan: malama ta buɗe ƙofa, zomo ya matsa ya ba shi wuri a benci, kowa na murmushi.

Ta daɗe tana kallo. A gida bakinta bai cika sarƙewa ba.

"Baba, wa ya ƙara wannan?"

"Ba ƙari ba ne, 'yata. Haka yake tun asali, ni na yi kuskure."

Ta rufe, ta tura masa a hankali.

"Ba ni nawa. Wanda ya zana wannan bai taɓa shiga ajinmu ba."