Rinin Gashin Yaya Kaltume

Ranar da Yaya Kaltume za ta fita takaba, tun hantsi nake safa da marwa a tsakar gidanta. Ni ce makitsiyar unguwarmu a Zakirai, ni ce kuma ƙanwarta, don haka aikin kanta nawa ne. Wata huɗu da kwana goma ke nan da rasuwar mijinta, Malam Tahir, ba ta sa mai mai ƙamshi ba, ba ta yi kitson kirki ba. Bayan Azahar mata za su cika gidan.

Ta kwance ɗankwali. Furfura ce ta fito mata fari fat tun daga goshi.

"Rumaisa, ki rufe min ita," ta ce. "Ba na son a shigo a kalle ni a ce wayyo. Na gaji da wayyo."

"Kwantar da hankalinki, Yaya. Wannan ai aikin minti talatin ne."

Kai, bakina! Na dama baƙin rinin da na saya a kasuwa, na ɗauko buta na jiƙa kan. Tun nan ya kamata in tsaya in yi tunani. Jelar gashin, wadda ta sha rilaksa, man miƙar da gashi, shekara da shekaru, nan take ta zuƙe ruwan kamar soso. Sabon gashin da ya tsiro a tushe kuwa, wanda ba a taɓa sa masa komai ba, ruwan gangarewa kawai yake yi a kansa kamar an zuba a bayan ƙwarya. Na sani sarai gashin da rilaksa ta huda shi ke saurin shan ruwa da rini, shi ke saurin bushewa kuma. Sabon tsiro a rufe yake gam, sai an fara da shi, an ba shi ɗumi da lokaci. Amma ina! Idona yana kan rana. Na laɓta rinin gaba ɗaya daga sama har ƙasa.

Na zauna, na tashi. Na leƙa tukunyar waina, na dawo. Na kore kajin da ke tonon ƙaiƙayin gero, na sake leƙa kan.

"Ki zauna mana, kina sa ni jiri," in ji Yaya.

Da na wanke, na duba kan. Jelar ta yi baƙi wuluk, ta bushe ƙayau har tana karyewa a mataji. Tushen kuwa yana nan da farinsa, ɗan dishi-dishi kawai ya yi. Sai farin ma ya fi fitowa fiye da da.

"Yaya, bari in ɗora ruwan zafi in sake. Tushen kawai zan bi."

Ladan ya kira Azahar. Kunya da haushin kaina suka kama ni.

"Ba ni madubi."

"Yaya, ki bari tukuna."

"Rumaisa, madubi na ce."

Na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗora yatsunta a goshi tana auna farin, daga fata zuwa inda baƙin ya fara.

"Wannan duk bayan rasuwarsa ya tsiro?"

"E, Yaya."

"Yatsa uku," ta ce. "Ni da nake jin kamar shekara goma na yi."

Sallamar mata ta taso daga zaure. Na wawuro ɗankwali zan rufe mata, ta riƙe min hannu.

"Bar ɗankwalin. Ɗauko kibiya ki kitse min haka. Wannan ne kawai gashin da Malam bai taɓa gani ba, ba zan iya rina shi ba."

Na zauna a bayanta na tsaga layin farko, idona cike da hawaye ina laluben gashin. Ita ce ta ɗaga murya ta amsa musu sallamar.