Shedar Baba Kafinta

Ofishin mai shagon kujeru bai fi banɗaki girma ba. Tebur ɗaya, fanka mai gurnani, sai tagar gilashi da ke kallon inda kafintoci ke aiki. Nan jami'ar hukumar fansho ta zauna, ta kakkaɓe garin katako daga hannun rigarta, ta yi masa tambayar da ya daɗe yana gudu.

"Kuɗin ajiyar ritayar ma'aikatanka, me ya sa aka daina turawa?"

To me zai ce? Wallahi bai ci ko sisi ba. Shekarar da kaya suka yi tashin gwauron zabi ne ma'aikatan suka riƙa shigowa ɗai-ɗai suna sosa ƙeya. Wannan matarsa ta haihu, wancan mai gidan haya ya sa shi gaba. "Oga, abin da kake cirewa na fanshon nan, ka ba mu a hannu, na wannan watan kawai." Shi kuma bawan Allah bai iya cewa a'a ba, halin da ya gada wurin mahaifinsa tare da shagon. Wata ya zama shekaru. Har nasa kason da doka ta ɗora masa yake haɗawa ya damƙa musu, suna ta sa masa albarka.

Jami'ar ta sassauta murya.

"Malam, bari in gaya maka yadda abin yake. In kuskuren ofis ne, ana ba mutum lokaci ya gyara a hankali. In kuwa da saninka ne, za ka biya duka nan take, ga tara a kai. Doka kai ta sani, ba ruwanta da wanda ya roƙe ka."

Biya nan take, ai sai dai a sayar da injuna, a sa wa shagon kwaɗo. Ya leƙa ta gilashin, ya ga mutanensa sun sunkuyar da kai, kowa na goge katakon da ya riga ya yi sumul. Tsoro ya kama shi sosai. Akawunsa ya bar aiki tun bara, babu wanda ya san inda ya nufa, in ya ɗora masa laifin ba mai ƙaryata shi. Kalma ɗaya ce kawai, kuskure, kuma ga ta a bakinsa.

Sai ƙofa ta buɗe ba sallama. Baba ne, tsohon kafintan da ya fara aiki da mahaifin mai shagon, wanda yanzu sai ya shafa katako da hannu yake gane inda zai yanka. Ashe yana jingine da ƙofar yana ji, amma rabi ya ji.

"'Yata, kar ki ɗora wa yaron nan sata. Ni na fara roƙonsa, sauran suka bi bayana. Bai taɓa riƙe mana komai ba."

"Baba, je ka huta," in ji mai shagon.

"Ina zan je ana ɓata maka suna?"

Jami'ar ta dubi tsohon, kamar ba ta son tambayar da za ta yi. "Wato ya san ba a turawa, Baba?"

"Ya sani mana. Da hannunsa yake ba mu, kowane wata. Ki tambayi kowa a nan."

Jami'ar ta miƙe ta rataya jakarta, ta ce wa mai shagon zai ji daga hukuma. Ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Baba ya bi ta da kallo har ta fice, ya juyo fuskarsa cike da fara'a, ya dafa kafaɗar ɗan amininsa.

"Ka ga ta tafi ba ta yi musu ba. Na wanke ka, ko?"

Mai shagon ya dubi hannun da ke kafaɗarsa, duk ya yi kanta, ga tabon zarto. Tsohon nan ba shi da fansho, kuma nan gaba kaɗan ba shi da wurin zuwa da safe.

"Ka wanke ni, Baba," in ji shi.