Ranar da Yudelka Ta Ɗauki Jif

Yudelka tana saukowa gangaren gonakin ayaba wata 'yar jar fitila mai siffar buta ta kama a gaban sitiyari. Ta ƙyafta, ta mutu, ta sake kamawa. Ta rage gudu.

Jif ɗin ta mijinta Nicanor ce. Tsohuwa ce tukuf, ta girmi aurensu, amma ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba. Yau Lahadi, yana can filin faɗan zakaru, shi ya sa ta saci jiki ta kai mahaifiyarta asibiti a Moca, da niyyar mayar da motar kafin ya dawo.

Ta lallaɓa da ita har garejin Fello, bakaniken da ya riƙe 'yarsu Noemí ranar baftisma a coci; tun daga ranar yake kiranta komadre, mijinta kuma kompadre. Yana zaune gindin mangwaro, ba riga, suna buga domino da wani maƙwabci.

"Lale da komadre! Yau ke ce a sitiyari? Ashe damisa ta yi barci."

"Don Allah bar wasa, Fello. Zo ka duba."

Da ya ga fuskarta sai ya ajiye wasan. Ya ɗaga bonet, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa.

"Mai a cike yake."

"To, ke nan ba komai?"

"Da ma ƙarewa ya yi, da da sauƙi. Amma wani lokaci sensa, 'yar na'urar da ke kunna fitilar, ita ce ke ƙarya. Bari mu gani."

Ya shige ƙarƙashin motar ya kwance sensar, ya ɗaura wani agogon awo mai dogon tiyo a gurbinta, ya ce ta tayar. Allurar ta haura, Yudelka ta saki numfashi.

"Tukuna," in ji shi. "Sai inji ya ɗau zafi."

Ta kasa tsayuwa wuri guda. Ta leƙa titi, ta dawo, ta duba wayarta, ta kife ta. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta ji kamar a ƙirjinta ya taka. A hankali allurar ta soma sauka, har ta kusa kwanciya, kuma daga can cikin injin wata ƙara ta taso, ƙwas-ƙwas, kamar ana buga cokali a gindin tukunya.

Fello ya miƙa hannu ya kashe motar.

* * *

"Ba sensa ba ce, komadre. Ƙarafan ciki sun cinye, famfon mai ma ya gaji. Kika ƙara taka ta, inji ya buga."

"Ni na ɓata ta?"

"Ina! Tsufa ne. Tun kafin Kirsimeti ya kawo min ita da wannan fitilar. Na ce a sauke inji, ya ce in zuba mai mai kauri mu rufa mata asiri."

Ta kama damtsensa da hannu biyu. "To, ka faɗa masa haka. A gabana. Kai yana jin maganarka."

Hannun rigarta ya zame. Tabon yatsu ne a jere a tsintsiyar hannunta, wasu sun yi baƙi, wasu sun soma dushewa. Fello ya gani. Ya sunkuya yana neman sifana, alhali tana riƙe a hannunsa.

"Maganar mota zan yi masa. Amma wa ya ɗauka, wa bai ɗauka ba, wannan ta cikin gida ce. Kin san halin kompadre."

Matarsa Chela ta fito da kofi a 'yan ƙananan kofuna. Ta dubi motar, ta dubi Yudelka, ta gane komai.

"Sha, 'yar uwa. In kin je kada ki tanka masa. Ki sa masa abinci, ki yi shiru. Duk haka muka yi."

Yudelka ba ta kai ga kurɓar kofin ba wayar Fello ta yi ƙara. Muryar Nicanor ta fito sarai, mai nauyi, irin ta wanda ya sha kuma zakaransa ya sha kashi.

"Kompadre, an ce an ga motata ta nufo wajenka."

Yudelka ta girgiza kai, ta haɗa tafukan hannunta. Fello ya juya mata baya.

"Tana nan, kompadre. Man nan ne dai da muka yi magana... Eh. Ita ta kawo."

Can ɓangaren aka katse kiran.

* * *

Chela ta tsayar wa Yudelka da ɗan acaɓa. A bakin garejin titi ya rabu biyu: dama ta nufi La Vega, inda yayarta ta sha ce mata ta taho ko da rigar jikinta kaɗai; hagu ta nufi gida.

"Ina muka yi, doña?" in ji ɗan acaɓan.

Yudelka ta daɗe tana kallon dama. Sai ta tuna Noemí tana gida tun rana, tana aikin makaranta a teburin kicin, kuma in Nicanor ya koma, ita kaɗai ce a gabansa.

"Bayan coci," ta ce. "Gida mai koren ƙyaure. Yi sauri."

Ta ɗaga ƙafa za ta hau, sai ta dakata. Ta kai hannu kunnenta ta cire 'yan kunnen, ɗaya bayan ɗaya, ta danƙa wa Chela.

"Ajiye min. Wancan karon da su ya yaga min kunne."

Chela ta karɓa, ta zuba su a aljihun zanen girkinta, ta shiga tattara kofuna.