Kaskon Wutar Iya Kellu

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi kai ba, gonaki suka ƙone a tsaye daga Tirmini har Hamdara, itacen girki ma sai an sha wuya ake samunsa a Damagaram. A shekarar ne Alkasum ya dawo daga ci-rani a Aljeriya da kwali ɗaya a kafaɗa. Murhun kuran ne a ciki, wato na lantarki, baƙin gilashi mai faɗin faranti, ba harshen wuta, ba hayaƙi. Don mahaifiyarsa Fanta ya sayo shi. Shekara uku tana tari, likita ya ce hayaƙin murhu ne.

Ranar farko abin ya ƙi. Fanta ta ɗora tukunyarta ta dalma, ƙirar maƙeran Birni, murhun ya yi ta ƙara kamar tsuntsu, ruwan ko ɗumi bai yi ba.

"Bai san ni ba ne," in ji ta. "Ka gaya masa ni ce uwarka."

Alkasum bai yi dariya ba. Ya tuna murhun ba ya aiki sai da tukunyar ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa. Ya ɓalle maganaɗisu daga tsohuwar rediyo, ya shiga kasuwa yana manna shi a gindin tukwane, har ya sami wadda ya kama. Tukunya ce mai shafaffen gindi. Da aka ɗora ta, kafin Fanta ta gama wanke muciya ruwa ya tafasa.

Tuƙin tuwo ne ya zama aiki. Tukunyar tana zamewa a kan gilashin, sai Alkasum ya riƙe ta da tsumma uwar tana tuƙawa. Ran da aka ɗauke kuran kuwa, sai a jiƙa gari. Amma cikin kwana goma tarin ya yi sauƙi, idanunta suka daina ja. Alkasum yana lura, yana jin daɗi.

Wani abu kuma ya lura da shi. Kullum Inna tana dafa abin da ya fi ƙarfin mutum biyu, ta zuba saura a kwano, ta rufe da faifai, ta zauna tana duban ƙofa har a kira magariba.

"Inna, wa kike jira?"

"Kellu."

Iya Kellu maƙwabciyarsu ce. Daga ƙauye suka shigo ita da mijinta Mai Nasara da rumbu ya ƙare, aka ba su aron ɗaki a bayan katanga. Tsohon ba ya iya tashi. Ranar da Alkasum ya dawo ya gan ta ta shigo da kasko, ta ɗebi garwashi ta fita. Tun da aka daina hura murhu bai sake ganinta ba.

"In wuta take so, ga ashana," ya ce.

Fanta ta dube shi. "Kai ka je lakwal ka gama karatun boko, amma dai. Kana tsammanin ashana ta ƙare a garin nan? Me za ta dafa da wutar? Tana zuwa da kasko, ni kuma in ce ɗan ɗanɗana mini miyar nan ko gishiri ya ji. Ta tafi da kwano. Ba ta roƙa ba, ban yi sadaka ba."

Ya ɗauki kwanon ya zaga da kansa. Ya yi sallama, Kellu ta fito tana gyara ɗankwali.

"Iya, Inna ce ta ce in kawo."

"Allah ya yi albarka, ɗan nan. Mun ci. Yanzun nan muka wanke hannu."

Ya dubi duwatsun murhunta. Ba toka. Wata kaza tana kwance a tsakiyarsu. Daga ɗaki ya ji tsohon yana tambayar wane ne. Ta ƙi miƙo hannu. Ya juya da kwanonsa.

Ya sami Inna ta jawo duwatsunta uku daga gindin katanga.

"Mayar da abinka kwali," ta ce. "Tari ba ya kashe mutum a mako guda."

"A'a."

"Alkasum."

"Ki yi girkinki a ɗaki, kan murhun kuran. Ni zan hura wuta."

Washegari da la'asar ya tsinto karan dawa da 'yan ƙirare a bakin hanya. Ya jera duwatsun can nesa da ɗakinta, jikin katangar Kellu, ya hura. Ya ƙara ɗanyen ganye don hayaƙin ya tashi sosai. Ba tukunya a kai. Idonsa ya cika da ruwa, ya tsuguna yana fifitawa.

Aka daɗe. Har ya fara tunanin asarar itace ya yi, sai ga sallama. Kellu ce, kasko a hannu. Ta dubi murhun, ta dubi ɗakin da tukunya ke tafasa a kan gilashi. Ta gane, shi ma ya san ta gane.

"Yaya Fanta, a san mini wuta."

"Ɗan naki ya ɗebar miki," in ji Fanta daga ciki. "Shigo ki ji mini miyar nan. Murhun Turawa ne, ban gane gishirinsa ba."

Alkasum ya karɓi kaskon, ya zaɓi garwashi mafi ja ya zuba mata.